Kuɗin tallafin korona: sun kai gona ko a tukunya suka tsaya?

Malamin Gona (Miriya):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar kuɗin korona ta sake tasowa jiya, wani na cewa an ba manoma, wani na rantsuwa ba a ba su ba, aka watse kowa da tasa. Gardamar nan ba za ta ƙare ba sai an ware abubuwan, don taimako iri-iri muke tarawa muna kira da suna ɗaya.

Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijar. Kafin watan ya fita an rufe iyakoki, an killace Yamai, an hana taro, har masallatai aka rufe. Cikin sauƙin da shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou, ya sanar akwai ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da na wuta na Afrilu da Mayu. Mai mita ne ya ci wannan. Manomin Dogo ko Gafati da ke jan guga a rijiya bai ma san an yi ba. Sai kuɗin hannu, jika 45 sau ɗaya ga gida, ta shirin Wadata Talaka da Bankin Duniya ya tallafa wa. Sai cimaka mai rahusa ta OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, buhu mai kilo 100 a jika 13 a lokacin, da rabon kyauta ga gidajen da aka tantance, waɗanda dama ana yin su tun kafin korona. Sai iri da abincin bisashe nan da can.

A cikin waɗannan babu inda aka kira mutum aka ce masa: kai manomi ne, hekta nawa ka noma, me ka yi asara, ga diyyarka. Gida aka taimaka wa, ba gona ba. To in wata annobar ta zo, Allah ya kiyaye, ta wace hanya kuɗi za su kai gona?

Sakataren Ƙungiya (Magariya):
Wa alaikumus salam Malam. Na yarda da rabe-raben, amma a karkarar Damagaram gida da gona ai abu guda ne. Wanda ya ci tuwo ya ƙoshi shi ke iya riƙe hauya. Ga lissafi. Gida mai mutum bakwai yana cin kamar tiya ɗaya da rabi ta gero a yini. Buhu tiya 40 ne. In jika 45 ɗin suka samu cimakar rahusa, buhu uku ne da canjin jika shida, abincin kwana 80 ke nan, kusan daga shuka har a fara tumu. In kuwa kasuwa aka shiga da su a tsakiyar damina, a ce buhu ya kai jika 30, buhu ɗaya da rabi ne, kwana 40. Kuɗin ɗaya ne, amfaninsu ya ragu da rabi don kawai ba a haɗa ranar biya da ranar buɗe rahusa ba.

Ɗan Jami'a (Damagaram):
Iyayena, ku ba ni dama in kawo yadda wasu ƙasashe suka yi, ko za mu tsinci wani abu. A Amurka, cikin Afrilu 2020 aka sanar da dala biliyan 19 don noma (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba). Biliyan 16 kuɗi ne kai tsaye ga manoma da makiyaya, biliyan 3 kuma gwamnati ta sayi nama da madara da kayan lambu ta raba wa mabuƙata. Sharaɗin shi ne farashin abin da kake nomawa ya faɗi da kashi 5 cikin 100 ko fiye tsakanin Janairu da Afrilu. Mai shanu zai faɗi kai nawa ya sayar daga 15 ga Janairu zuwa 15 ga Afrilu, a biya shi a kan kowane kai. An fara karɓar takardu 26 ga Mayu, aka fara ba mutum kashi 80 na haƙƙinsa, kuma aka sa iyaka, mutum ɗaya ba zai wuce dala dubu 250 ba.

Indiya kuma dama tana da shirin ba manomi rupi 6,000 a shekara, kashi uku, sai aka gaggauta kason Afrilu ya shiga asusun banki. Togo ta yi nata ta salula da katin zaɓe, mace sefa 12,250 a wata, namiji 10,500, ko da yake wannan an fara shi ne don masu ƙananan sana'o'i a birni. Me ya hana mu yin irin na Amurka, a biya kowa gwargwadon asararsa?

Sakataren Ƙungiya (Magariya):
Ɗana, abin da ya hana shi ne takarda. Manomin can yana da rasit na duk buhun da ya sayar, gonarsa tana rubuce a ofis. Nan kuwa wa ya taɓa karɓar rasit a kan tiya goma ta wake a kasuwar ƙauye? Ƙidayar noma da bisashe da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta tsufa, yaran da aka haifa lokacin su ne masu noman yanzu.

In ka ce a bi takardar fili, nan ma rami ne. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, daga na ƙauye har na kwamin da na gunduma, suna ba da takardar shaidar gado ko saye ko aro ko jingina. Amma galibin gonaki ba su da ita. Kuma ko akwai, sunan mai fili ne a kai. A kudancin nan, Magariya da Kance da Dungas, inda mutane suka yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, da yawa aro suke nomawa, ko haya, ko jingina. Ka biya da takarda, kuɗin su tafi wurin alhajin da ke zaune a birni, wanda ya sha rana a gonar ya tashi a tutar babu. Na Indiyan da ka ambata ma da sunan mai fili ake biya, ɗan haya ba ya ciki.

Mai Rake (Matamaye):
Ku dakata, kuna ta maganar gero. A Maris da Afrilu 2020 gero yana rumbu, korona ba ta taɓa shi ba. Wanda wuƙa ta hau wuyansa shi ne mai noman rani, na fadamun Korama, Matamaye da Dungu da Bande da Wacha, har Gidimuni. Kabeji da tumatir da salati ba sa jiran a buɗe hanya. Kabeji in ya ƙulla kai ya yi tauri, ka ƙara masa mako guda cikin zafin Afrilu, sai ya tsage, ganyen waje ya yi ruwa, dillali ya tsaya a bakin lambu ya taya yadda ya ga dama don ya san ba ka da inda za ka kai. Tumatir ko a yanka a shanya ya zama kauɗa, a tsira da wani abu. Salati babu wannan.

Kuma mu ba da korona ciwon ya fara ba. Tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. A Nuwamba 2019 ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, man injin ban ruwa ya yi tsada. Korona ta zo ta tarar da mai lambu a durƙushe ne ta danne. Amma da aka zo tantance mabuƙata, mai injin ban ruwa da amalanke ba ya shiga sahun talaka. A ido yana da hali. Bashin mai da taki da ke kansa ba a gani.

Hajiyar Asusu (Birni):
Alhaji Mai Rake, gaskiyarka, sai dai kada a ce don haka a karkatar da kuɗin daga gidajen da ba su da ko tiya. Hanya biyu ce daban, kowace da kuɗinta ya kamata.

Abin da nake son a lura da shi, a shirin tallafin gidaje mace ake ba kuɗin a hannu, kuma wannan dabara ce mai kyau. Wadata Talaka na asali a lokacin jika 15 ne a wata har wata 24, kun ga jika 45 kuɗin wata uku ne aka dunƙule. Bambancin yana da girma. Kuɗin wata-wata mace tana sanin ranar zuwansu, sai ta shiga asusu irin na Mata Masu Dubara da aka faro a Maraɗi tun 1991, ta zuba duk mako, ta ɗauki rance ta sayi irin gyaɗa ko akuya. Kuɗin da suka faɗo sau ɗaya ba a san ranarsu ba kuwa, kafin su kwana masu bin bashi sun ji labari. Mai kanti, mai hatsin da aka ci bashin kaka a wurinsa, kowa na bakin ƙofa. Ba laifinsu ba ne, haƙƙinsu ne. Amma abin da ya rage ba ya sayen iri.

Sannan gayaunar mace ba ta shiga lissafin kowa. Ita ke noman wake da gyaɗa da riɗi da kuɓewa da yakuwa, abin da ake sayarwa a yi cefane. In an kawo iri sai a rubuta maigida, a ba shi gero na gandu.

Dattijo (Tanut):
Ina gaishe ku. Malamin Gona da Mai Rake duk kun tsallake abu guda. Gero yana rumbu a Maris, haka ne, amma kuɗin da ake shuka da shi ba a rumbu yake ba, yana hannun 'yan ci-rani. Samari suna Kano da Legas, suna Libiya, suna Aljeriya, suna wuraren zinariya a arewacin Agadas. Abin da suke aikowa a Afrilu da Mayu shi ne iri, shi ne abincin masu noma, shi ne ladan ɗan ƙwadago. A 2020 aiki ya tsaya can, hanya ta rufe, wani bai aiko ba, wani bai samu dawowa a kan lokaci ba, wani ya dawo hannu rabbana. Ta nan korona ta shiga gonar gero.

Gidan da ya rasa wannan kuɗi ga abin da yake yi. Ya ci irin da ya ajiye. In ruwa ya sauka, maigida ya tafi gonar wani ƙwadago don a samu na tuwon dare, tasa gonar ta jira. Noman farko ya wuce lokacinsa, ciyawa ta sha kan gero, kuma geron da ciyawa ta danne a makonni ukun farko ba ya murmurewa ko an yi masa maimai sau biyu. Da kaka ya samu rabin abin da ya saba samu, ya biya bashi, ya sake komawa inda ya fito.

Malamin Gona (Miriya):
Baba, ka taɓo inda nake son a zo. Ashe ba yawan kuɗin ne kawai ba, ranar da suka iso ita ce magana. Bari in nuna abin da jika 45 za su yi wa hekta guda in sun zo hannu a farkon Mayu.

Irin gero kilo 8 zuwa 10, wato tiya huɗu. A samu mai saurin nuna irin HKP ko SOSAT, wanda ke yi cikin wata uku ko ƙasa da haka. A shuka taku ɗaya tsakanin rami da rami, mita guda ke nan kowane gefe, rami dubu goma a hekta. Takin zamani ba watsawa za a yi ba, ɗan tsunkule ne a kowane rami: gram 6 na 15-15-15, ko gram 2 na DAP, abin da yatsu uku za su ɗauka. Ka lissafa, kilo 60 na 15-15-15 ko kilo 20 na DAP ya ishi hektar. A farashin da aka sani na CAIMA, hukumar sayar da taki da kayan noma ta gwamnati, a da, jika 13 da rabi buhu mai kilo 50, kilo 60 ya kama 16,200. Ka ƙara maganin wanke iri, ka ƙara 'yan tiyoyin wake na tsakanin layi, har yanzu akwai ragowar sayen buhun rahusa da zai riƙe gida a yi noman farko a gonar kai.

Inda ake ɓata abin: a zuba takin ya haɗu da ƙwayar iri a ƙasa mai ƙarancin laima, sai ya ƙone tsiron. A sa shi a gefen ramin, a rufe, kuma sai bayan ruwa mai kyau, wanda in ka tona da hannu laimar ta wuce tsawon tafinka. Mai binne, wato mai shuka tun ruwa bai sauka ba, kada ya sa taki a ramin, ya bari sai an tsira. Sannan a cire a bar ƙafa uku a rami cikin mako biyu zuwa uku, in ba haka ba takin ya tafi ga ganye.

Wannan kuɗin dai, kawo shi a Agusta, babu abin da zai yi wa gonar bana. Abinci ne kawai, kuma a lokacin da ya fi tsada.

Dattijo (Tanut):
Malam, Mayu ɗin naku ne na kudu. A Damargu sau da yawa sai Yuli ake samun ruwan shuka, kuma a kan yi shuka biyu ko uku kafin ta kama. Wanda ya ba mu iri na shuka ɗaya bai gama taimako ba. Kada a zauna a Yamai a sa wa jiha guda rana ɗaya.

Dillalin Bisashe (Kundumawa):
Salamu alaikum. A sa makiyayi a lissafi. Bisashen jihar nan kasuwarsu Najeriya ce, Maigatari da Mai'aduwa, daga can su wuce kudu. A 2020 abu biyu suka haɗu, ga iyaka a rufe, ga naira ta faɗi. A Maris ɗin ma aka rage mata daraja a hukumance daga wajen 306 zuwa 360 a dala. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro. Ɗan kasuwar Najeriya in ya canza kuɗinsa sai ya ga sun ragu, sai ya rage tayi. Abin da makiyayi ke dubawa ba farashin bunsuru ba ne shi kaɗai, tiya nawa ta gero bunsurun zai sayo. In dabba ta faɗi hatsi ya hau, sai ya sayar da biyu inda da ɗaya ta isa, kuma in maza suka ƙare sai a shiga mata, garken ya fara mutuwa ke nan.

Shi makiyayi a ba shi kuɗi a Afrilu ko Mayu bai kai a kawo masa dusa da ƙulin auduga kusa da rijiyar da yake shayarwa ba. Kuɗi a hannu a Taskar ko arewacin Gure, inda babu dusar saye, takarda ce kawai. Kuma abincin bisashe in ya iso bayan ciyawa ta fito, ɗan kasuwa ne zai saye ya ajiye wa baɗi. Ga kuma matsalar suna: ranar da masu rubutu suka zo ƙauye, shi yana daji da shanu.

Ɗan Jami'a (Damagaram):
To Baba, ba sai a yi ta salula ba kamar Togo? Kowa ya latsa lamba ya yi rajista daga inda yake, babu taro, babu layi, babu mai cewa a ba shi na goro.

Hajiyar Asusu (Birni):
Ɗana, a cikin gari zai yi. A ƙauye ka duba waɗannan. Mata da yawa ba su da salula tasu, ta maigida ce ko ta ɗa. Layin da aka yi rajista da shi sau da yawa da katin wani aka saye shi, sunan da ke takarda daban, na layi daban, kuɗi su maƙale. Layin da aka daɗe ba a sa masa kuɗi ba ana iya rufe shi. Tsohuwa ba ta karanta saƙo, sai ta miƙa wa yaro ya duba mata, ta faɗa masa lambar sirri. Kuma ko saƙon ya shigo lafiya, mai cire kuɗi na ƙauyen jarinsa bai wuce na mutum goma ba, ga gida ɗari sun zo rana ɗaya. Sai a hau mota zuwa gari, kuɗin mota da na cirewa su ci wani abu a ciki. In za a yi ta salula, a fara aika wa masu cirewa kuɗi, a raba ƙauyuka kwana-kwana, kuma gwamnati ta ɗauki ladan cirewa a kanta, a faɗa a rediyo cewa jika 45 cif za a karɓa.

Sakataren Ƙungiya (Magariya):
Tunda an zo kan suna, bari in faɗi yadda tantancewa take da inda take karkacewa. Daga sama ake fara zaɓen kwamin da ƙauyukan da suka fi shiga hali, bisa rahoton masu sa ido kan ƙarancin cimaka. A ƙauye hanya biyu ce. Ko a tara gari a kasa gidaje kashi huɗu, matalauta ƙwarai, matalauta, masu dama-dama, masu hali, bisa ma'aunin da garin ya yarda da shi: girman gona, bisashe, wata nawa abincinsu ke kaiwa. Ko kuma masu bincike su bi gida-gida da tambayoyi, rufin ɗaki, mutum nawa, me aka mallaka, kwamfuta ta ba kowa maki.

Ta farko tana buƙatar taro, kuma taro ne korona ta hana. In mutum biyar suka zauna a zaure suka rubuta, ko tsakani da Allah suka yi, zargi ba zai ƙare ba. Ta biyu kuma tana cin watanni, kuma ba ta ganin asarar jiya. Wanda ya yi rufin kwano shekara biyar da suka wuce makinsa ya hau, ko da yau bai da abin kai wa baki.

Sai kalmar gida. Gidan mutum 25, maigida da mata uku da 'ya'ya masu aure, tukunya ɗaya, jika 45. Maƙwabcinsa mutum huɗu, jika 45. Da mutane suka gane haka sai kowa ya fara raba gidansa a takarda. Bazawara da ke cikin gidan wanta kuma ba ta fito ko'ina ba, don a takardar lanho tana ƙarƙashinsa.

Ranar biya ma akwai abin kallo. Tebur a gindin bedi, mai kiran suna, mai duba kati, mai ƙirga kuɗi, mai tawada. A kira suna, mata uku su miƙe, duk sunansu ɗaya, sunan uba ɗaya. An rubuta wata da sunan da ake kiranta a gida, katin zaɓenta kuwa da sunan yanka. Sai a ce ta koma gefe, a gama da kowa, mota ta tashi. Maganin wannan ba shi da tsada: a rubuta sunan yanka da laƙabi da sunan miji da unguwa, a karanta sunayen a bainar jama'a mako guda kafin biya, a manna takardar a ƙofar maigari. Kwamitin karɓar koke kuma kada ya zama mutanen da suka yi rubutun.

Mai Rake (Matamaye):
Akwai wanda ba ka faɗa ba, Sakatare. Bayan mota ta tashi, a wasu garuruwan a kan tattara abin da aka samu a sake rabawa kowa ya ɗanɗana.

Sakataren Ƙungiya (Magariya):
Ana yi. Masu shiri suna kiransa ɓarna, gari yana kiransa zaman lafiya. Ni ban ga laifin gari sosai ba, in an zaɓi gida 30 cikin 200 alhali 150 duk halinsu ɗaya. Amma a san cewa jika 45 in ta zama jika tara-tara, ba iri ba taki, kuɗin cefanen mako ne.

Dillalin Bisashe (Kundumawa):
Shi ya sa ni na fi yarda da kaya a kan kuɗi. Buhu ana ganinsa.

Malamin Gona (Miriya):
Alhaji, buhu ma yana da nasa ciwon. A maƙwabciyarmu Najeriya an ba da umarnin fitar da tan dubu 70 na hatsi daga rumbun gwamnati a 2020, amma a Oktoba kowa ya ga yadda jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a jihohi suka tarar da kayan tallafi jibge. Kaya sai an yi kwangila, an yi jigila, an ajiye, kowane mataki yana cin mako.

Iri kuwa ya fi kowane kaya haɗari. In aka yi sayen gaggawa, mai kwangila na iya shiga kasuwa ya sayi geron ci ya zuba a buhu mai tambari. Ko a kai iri mai dogon kwana inda damina gajera ce, ya yi kara ya yi ganye, ruwa ya ɗauke yana bununi. Duk ƙungiyar da aka kawo wa iri ta gwada kafin ta raba: a ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, bayan kwana biyar zuwa bakwai a ƙirga waɗanda suka tsira. In sun kai 80, a raba. In sun gaza sosai, a rubuta a mayar, kada a sa hannu a takardar karɓa. Gyaɗa a ɓare a duba, ita ce ta fi saurin mutuwa in ta sha zafi a ajiya.

Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a raba tallafin biyu. Kashin farko takardar saye ce, mako uku ko huɗu kafin ruwan yankin, manomi ya je wurin mai sayar da iri da taki da aka amince da shi, ko gidan manoma na kwaminsa, ya zaɓi abin da ya dace da ƙasarsa. Kashi na biyu kuɗi ne a hannu lokacin noman farko, a ranar da ake sayar da rahusa a garin.

Hajiyar Asusu (Birni):
Malam, takardar saye in ta zo wa gidan da ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba, a bakin shagon za a sayar da ita rabin kuɗi. Ka juya tsarin. Abinci ya riga iri isowa, ko su zo tare. Mai yunwa ko irin da aka wanke da magani ka ba shi, sai ya wanke ya daka, kuma wannan guba ce.

Malamin Gona (Miriya):
Na karɓi gyara, Hajiya. Su zo tare.

Mai Rake (Matamaye):
Mu kuma masu lambu ba jika 45 muke nema ba. A irin wannan hali abu uku ne: a bar motar kaya ta wuce da takardar izini ɗaya ba tare da tsayawa a kowane shinge ba, a ɗage biyan bashin banki da na asusu zuwa girbi na gaba ba tare da ƙarin ruwa ba, sannan hukuma ta sayi abin da zai lalace ta kai asibitoci da gidajen kaso da wuraren da aka killace mutane. Biliyan ukun da yaron nan ya ambata na Amurka ai wannan ne. A Najeriya ma babban bankinsu ya rage ruwan bashin shirye-shiryensa daga kashi 9 zuwa 5. Kuma tallafin mai lambu a Oktoba yake da amfani, lokacin zuba iri da gyaran rijiya, ba a Mayu ba.

Ɗan Jami'a (Damagaram):
Ke nan kalanda huɗu ake buƙata a jiha ɗaya: kudu, Damargu, makiyaya, masu lambu. To wa zai riƙe sunayen, tunda kun ce ba a iya rubuta su cikin gaggawa?

Sakataren Ƙungiya (Magariya):
Ƙungiyoyin manoma da zauren manoma na jiha, tare da malaman gona na kwamin. A rubuta da kaka, lokacin da kowa yana gida kuma babu wani rabo a gaba, don ranar da aka ji ƙamshin kuɗi gonar kowa sai ta ninka. Littafi ɗaya a ƙauye: wanda ke noma gonar, ba mai ita ba, abin da ya shuka, dami nawa ya samu, gayaunar mata a layinta daban, bisashe, lambar salula da sunan wanda layin yake. A sabunta duk shekara. Sai dai a bayyana wa mutane tun farko cewa ba littafin lanho ba ne, in ba haka ba mai shanu goma zai ce biyu gare shi.

Dattijo (Tanut):
Dami kuma ku yi hankali da shi. Damin wani gari ba na wani ba ne, wani in an sussuka ya ba da tiya biyar, wani ya haura bakwai. A kowane ƙauye a sussuka dami uku a gaban mutane, a auna da tiya, a rubuta a shafin farko na littafin.

Dillalin Bisashe (Kundumawa):
Na makiyaya kuma a rubuta a rijiya ko ranar allurar bisashe, can ne ake samunsu. Sakatare, in kuna da samfurin shafin littafin nan, turo hotonsa a zaure in ga ko akwai gurbin raƙuma da jakuna, don galibin takardun da ake bugawa shanu da awaki da tumaki kawai suke sawa.